Wa zai gabatar da aikinmu ga kyautar Earthshot?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ina neman shawararku. Ƙungiyarmu na tattara robobin da aka zubar tana sarrafa su, muna son shiga gasar Earthshot ta ayyukan kare muhalli wadda Yarima William na Ingila ya kafa a 2020. Duk shekara ayyuka 5 ne ke lashewa, kowanne fam miliyan 1, kuma rukunin kawar da shara ya dace da mu sosai.

Inda na maƙale: ba a neman ta kai tsaye, sai wata cibiya da suka amince da ita ta gabatar da kai. Na rubuta wa biyu, shiru kake ji, kuma abin na damuna ƙwarai. Me irin waɗannan cibiyoyi ke fara dubawa, nauyin robar da muka sarrafa ko yiwuwar faɗaɗa aikin? Wanda ya taɓa bin hanyar ya taimaka mana.