Taƙaitawa: Gwamnati da masu maganin gargajiya

An yi muhawara kan irin dokar da ya kamata gwamnati ta sa wa masu maganin gargajiya. Na tattara abin da aka faɗa don waɗanda ba su samu bin muhawarar ba.

1. Kusan kowa ya yarda a yi wa masu magani rajista, a san wanzami, a san mai ɗori, a san ungozoma. An fi kokawa da masu tallar magani a mota da lasifika, kwalba ɗaya wai tana maganin basir da shawara da sanyi.

2. Da yawa sun ja hankali cewa lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, a jikin maganin gargajiya galibi shaida ce cewa an gwada ba ya cutarwa. Ba tabbacin yana warkarwa ba ne. Ni ma a nan na fara sani.

3. Kan karatu aka rabu. Wasu na son a bi sawun Ghana, inda jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi ke ba da digiri a maganin tsirrai. Wasu suka ce ilimin nan na gado ne, yaro na koyonsa a gindin ubansa, sharaɗin takarda zai kori tsofaffin da suka fi kowa sanin saiwa da sassaƙe. Wani ya ba da shawarar a jarraba su da baki, da Hausa, a gaban dattawan sana'ar.

4. An yi ittifaƙi: karaya mai rauni a buɗe, da naƙuda mai tsawo, asibiti za a kai.

5. Masu ruƙiyya kuwa, an tashi ba a daidaita ba kan ko dokar za ta shafe su.