Ƙarshen kaka a teku mai ɗumi: bakin gaɓa ko can ciki?

Sabon Masunci:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna kamun kifi da fatsa a teku ce, musamman a gaɓar da ruwanta yake da ɗumi kusan duk shekara amma sanyi yake fara leƙowa a watan Nuwamba. Wuraren nan marasa zurfi masu ciyawa, inda kifi yake cin koto a lokacin zafi, yanzu sai a same su cike da kifi yau, gobe kuma wayam. Shin kifin ya bar gaɓa ne ya koma tsakiyar teku, ko kuwa yana nan kusa ya sauya maɓoya? Ga mai ƙaramin kwale-kwale mai inji ɗaya kuma, wanne ya fi dacewa, zama kusa da gaɓa ko fita can ciki?

Tsohon Matuƙi:

Wa'alaikumus salam, ɗana. Mafi yawan kifin bai yi nisa ba, ɗumi yake bi. Zafin jikin kifi yana tafiya ne da na ruwan da yake ciki, shi ya sa a wannan lokaci na fi dogara da ma'aunin zafin ruwa a kan lissafin wata. Ruwa yana jinkirin sakin zafin da ya ɗauka, amma gwargwadon zurfinsa: inda bai wuce gwiwa ba yana iya hucewa a dare ɗaya, alhali rami mai zurfin mita 4 ko 5 a gefensa bai ko ji a jikinsa ba. Can kifin yake taruwa da asuba, a ramuka da hanyoyin jirage da lanƙwasar rafukan da suke shiga teku.

Abin da yake juya komai shi ne guguwar sanyi da take saukowa daga arewa lokaci zuwa lokaci. Kafin ta iso, iska tana kaɗawa daga kudu da ɗumi da laima, kifi yana cin koto ba ji ba gani, kuma a ganina babu ranar da ta fi wannan albarka a duk kakar. Da ta wuce, sai iska ta juya ta arewa, sama ta washe, ruwa ya yi sanyi, bakin kifi ya rufe na kwana ɗaya ko biyu. A irin wannan rana sammako ba shi da amfani. Ka bari sai bayan azahar, ka nemi inda ƙasan ruwa baƙar laka ce, domin tana shan rana fiye da farin yashi, kifi yakan hau kanta ya sha ɗumi. Ka rage girman koto, ka riƙa jan sa a hankali kusa da ƙasa, saboda kifin da sanyi ya kama ba ya wahalar da kansa da gudu.

Kada a raina sanyin nan don an ce gaɓar mai ɗumi ce. A watan Janairun 2010 sanyi ya daɗe a jihar Fulorida ta Amurka, ya kashe kifin sunuk masu ɗimbin yawa, har hukuma ta dakatar da kamunsa.

Mai Birgi:

Baba ya faɗi gaskiya a kan ɗumi, sai dai ina so in ƙara cewa akwai kifin da yake barin gaɓa da gaske a wannan lokaci, kuma haihuwa ce take fitar da shi. Kifin malet yana haɗa garke ya fice daga bakin koguna zuwa teku domin ya zuba ƙwai, manyan kifaye suna biye da shi. Haka falanda, wannan mai faɗi da yake kwanciya a ƙasa da idanunsa biyu a gefe guda, yana bi ta mashigai zuwa ruwa mai zurfi tsakanin Oktoba da Disamba. Saboda haka mashigar da ta haɗa tafkin gaɓa da teku ita ce wurin tsayawa, musamman lokacin da ruwa yake janyewa yana kwaso jatan lande da ƙananan kifaye.

Amma a duba doka kafin a jefa ƙugiya, domin taruwar da take sauƙaƙa kamun ita ce take iya ƙarar da irin. Fulorida tana rufe kamun falanda daga 15 ga Oktoba zuwa 30 ga Nuwamba, jihar Tekzas kuma daga 1 ga Nuwamba zuwa 14 ga Disamba. Ni ina goyon bayan wannan hani ɗari bisa ɗari, don uwar da aka kama a hanyarta ta zuba ƙwai asarar baɗi ce.

Cikar teku da janyewarta sun fi ƙarfi idan wata ya tsaya da kuma idan ya cika. To idan janyewar ta haɗu da iskar arewa a gaɓar da take fuskantar kudu, iska tana ƙara tura ruwan waje fiye da abin da jadawalin cikar teku da janyewarta ya nuna, sai ka ga kwale-kwale zaune a kan laka.

Mai Dogon Zango:

Malam, batun fita ciki ne ya sa na sa baki. Kifi yana can ciki, har ya fi na lokacin zafi a wasu wurare. Ruwan can yana riƙe ɗuminsa makonni bayan na gaɓa ya huce, kuma inda ruwan gaɓa mai sanyi, kore, ya haɗu da shuɗin ruwa mai ɗumi, akan ga layi sarai a saman teku, ciyayi da tarkace sun taru a kansa, tsuntsaye suna shawagi. A kan wannan layi ake jan koto a bayan jirgi don kama manyan kifayen da ake kira tuna da wahu. Kifin gurufa da yake zaune a duwatsun ƙasan teku shi ma yakan matso ruwan da bai kai na da zurfi ba idan zafi ya ragu, wanda hakan sauƙi ne ga mai ƙaramin jirgi. Wanda aka jawo daga zurfi kuwa, jakar iskar cikinsa tana kumbura, domin nauyin ruwa yana raguwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya a kowace mita 10, don haka idan za a sake shi sai a maƙala masa darma ta mayar da shi ƙasa, in ba haka ba ya yi ta yawo a sama har ya mutu.

Matsalar ita ce ranakun fita sun yi kaɗan. Kwanciyar teku takan zo ne bayan iskar arewa ta lafa, kafin wata guguwar ta taso, kuma ba ta daɗewa. Idan iska ta kaɗa tana fuskantar igiyar ruwa mai ƙarfi, raƙuman ruwa suna miƙewa tsaye kusa da juna, sun fi ƙarfin kwale-kwale mai inji ɗaya. Ga rana tana saurin faɗuwa, ga lokacin mahaukaciyar guguwa a Tekun Atlantika ba ya ƙarewa a hukumance sai 30 ga Nuwamba. Ranar da Baba ya yaba, wadda take gab da isowar guguwar sanyi, tana da kyau ga na kusa da gaɓa, amma ita ce mafi haɗari ga wanda ya yi nisa, domin iska tana iya juyawa kafin ya dawo.

Sabon Masunci:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ke nan in tsaya a mashigai da ramuka, in bar fita ciki sai hasashen yanayi ya nuna kwanciya?

Mai Dogon Zango:

Haka ne, kuma ko a ranar kwanciyar ka fita tare da wani jirgin, ka sa rigar kariya a jikinka tun daga gaɓa, ka bar rediyonka a tasha ta 16 wadda ake neman agaji a kanta. Ka raba man injinka uku, kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya, sannan ka shaida wa wani a tudu inda za ka da lokacin da zai sa ran ganinka.