Ƙwanƙwasa cikin silin da dare: aljanu ne ko kwano?

Assalamu alaikum, malamai da magina. Gidan haya ne, rufin kwano, silin katako. Kullum bayan ƙarfe 2 na dare sai a ji ƙwanƙwasa ta ɗakin gabas, daga baya kamar ana jan buhu. Maƙwabta na cewa fatalwar tsohon mai gidan ce, alhali dai mamaci ba ya dawowa.

An karanta Suratul Baƙara, an yayyafa ruwan ruƙiyya a kusurwoyi, an sa maganin ɓera. Ba kashin jemage, ba gafiya. Kwanon da ya sha rana yakan yi ƙara in ya huce, amma wannan ya fi yawa da magariba.

Me ya rage a duba? A ɓalle silin, ko a ci gaba da ruƙiyya tukuna?