Datsun da Nissan: suna aka canza ko mota aka kashe?

Sadiku Mile 12: Salamu alaikum jama'a. Yau da safe ina hanyar Ketu na hango wata Datsun 120Y ruwan ƙasa an labta mata buhunan albasa har kan rufi tana ta tafiyarta, wallahi sai da ƙwalla ta taru min a ido don irinta mahaifinmu ya yi shekara 19 yana hawa a Funtua. Ni maganata ɗaya ce kuma a kanta nake, Nissan ce ta saye Datsun ta kashe ta saboda ta fi motocinta ƙarko, tun ranar da aka cire sunan nan daga jikin mota ba a sake yin ƙarfen kirki ba. Mai ja ya fito

Baba Direba Agege: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka ɗana. Ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni 120Y na ja tasi a garin nan tun 1977 shekarar FESTAC, ruwan ɗorawa mai baƙin layi, Agege zuwa Oshodi zuwa Idumota, lokacin ba gadar Third Mainland sai dai ka bi Ikorodu Road ka sha gosulo. Daga baya na koma bas ɗin E20 ina lodin Arewa. Batun ƙarko ina bayanka ɗari bisa ɗari

Abba Idi Araba: Yaya Sadiku ka yi haƙuri amma batun sayen nan ba haka yake ba. Datsun ba kishiyar Nissan ba ce, 'yar gida ce. Asalinta wata mota ce da aka ƙera a Japan a 1914 ana ce mata DAT, harufan farko na sunayen mutum uku da suka zuba kuɗi, Den da Aoyama da Takeuchi. A 1931 suka yi ƙarama suka sa mata Datson wato ɗan DAT, sai aka ga "son" a yarensu yana kama da kalmar asara, shi ne a 1932 aka mayar Datsun. Kamfanin da ke ƙera ta shi ya ɗauki sunan Nissan a 1934. Kaga kenan motar Baba da ta mahaifinku duk Nissan ce ta yi su, sama da shekara 40 bayan wannan

Sadiku Mile 12: Abba wannan karatun waya ne. Mu da ido muka gani, an rubuta DATSUN ɓaro ɓaro a gaba da baya, babu Nissan ko ɗaya

Oga Bakanike Ladipo: Sadiku akwai. Ba a waje take ba, buɗe banet zaka yi. Akwai ɗan faranti na alminiyam da aka ɗaure da ribit a jikin bodi inda lambar shasi da lambar inji suke, goge baƙin man da tsumma zaka ga NISSAN MOTOR CO. Na buɗe banet ɗin 120Y ya fi a ƙirga tun ina yaron gareji, ban taɓa ganin wadda babu shi ba sai dai in mai walda ya cire

Abba Idi Araba: Yauwa Oga. Kuma dalilin cire sunan ma ba ɓoyayye ba ne. A gida Japan ana sayar da motocinsu da yawa da sunan Nissan, a waje kuma kowa Datsun ya sani, Amurka Datsun, Ingila Datsun, nan Datsun, to shugabannin suka ga Toyota sunanta ɗaya ko'ina Honda ma haka, su kuwa ana son motarsu ba a san kamfaninsu ba. A 1981 suka sanar za su daina, aka bi a hankali har akwai lokacin da mota ɗaya take ɗauke da sunayen biyu a but, zuwa 1986 aka gama

Baba Direba Agege: Wannan na masu suna biyu na gansu da idona, gaskiya ne Abba. Amma ku saurara, ni ban yi boko ba amma na zauna a bayan sitiyari shekara 31. Motar ta canza. Ko waye ya ƙera, wadda ta zo bayan 120Y da 'yan uwanta ba ita ba ce. Bari in baku labari ɗaya. Damina ce, na ɗauko fasinja huɗu daga Apapa ruwa ya cika Ijora har ya kusa rufe taya, muna tsakiyar ruwan motar ta mutu. Na naɗe wando na sauka na ɗaga banet, na ɓalle kilif biyu na murfin distiribita, na goge cikinsa da hankicina, na ciro kwalin ashana na ɗan goga gefen da ake ƙyastawa a bakin kwantak ɗin, na mayar na ce wa wani fasinja ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Minti goma bai cika ba. Kayan aikina gaba ɗaya sifana mai lamba 10 da 12 da 14 da sukundireba da filaya, a cikin tsohuwar safa nake ɗaure su ƙarƙashin kujera. Da su na je Sakkwato na dawo ba sau ɗaya ba. Yau wace mota zaka yi wa haka

Sadiku Mile 12: Allah ya ƙara lafiya Baba. Abin da nake faɗa kenan ana kawo min tarihi

Oga Bakanike Ladipo: A'a tsaya, Baba ya yi gaskiya amma ba gaskiyarka ya faɗa ba. Motar ta canza, eh. Sai dai ba suna ne ya canza ta ba, lokaci ɗaya abin ya faɗo shi ya sa kuka haɗa su. 120Y injin A12 ne da ita, kusan 1200cc, sarƙa ce take juya taimin ba bel ba, kafireta ɗaya, giya huɗu, farfela ta tafi baya ta juya aksul, bayan kuma sifirin mai ganye irin na akori kura. Shi ya sa take ɗaukar albasan da ka gani, in ta kwanta a ƙara mata ganye ɗaya ta miƙe. To a ƙarshen 1981 Sunny sabuwa, wato zuriyar 120Y, ta fito, B11, aka juya injin a kwance, tayar gaba ce take ja, aka kawo shaf mai roba a baki, taimin ya koma bel. Bluebird ma haka, 910 ce ta ƙarshe mai jan baya, wadda ta biyo ta a 1983 jan gaba ce. Mu kanmu a gareji lokacin bamu saba ba, robar shaf ta yage yashi ya shiga sai ka ji ƙas ƙas ƙas a kwana, bel ya yi shekaru ba wanda ya ce wa mai mota ana canzawa sai ya tsinke a hanya. Sai aka ce Nissan ba ta da kyau. Alhali Toyota ma ta mayar da Corolla jan gaba a 1983 kuma ba ta canza suna ba, me ya sa ba a ce an kashe ta ba

Hajiya Maman Obalende: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, ku bari mace ma ta sa baki don ni a Datsun na koyi tuƙi. Maigidana Allah ya jiƙansa ma'aikacin gwamnati ne, da kuɗin Udoji, ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, ya yi cikon sayen 180K a 1975, fara sol, ledar kujera ma ya fi wata shida bai cire ba. Ina son motar nan har raina, ita ta kai ni asibiti haihuwar 'ya'yana uku. Amma Sadiku maganar ƙarfen kirki da kake yi, ɗana, inji ne mai kirki, bodin ba shi da shi. Iskar Legas gishiri ce. Shekara biyar ba ta cika ba ƙasan ƙofofi ya fara kumbura kamar ƙuraje, ka danna da yatsa fenti ya fashe tsatsa ta zubo. Wata rana ina kai yara makaranta ana ruwa sai babbar 'yata ta ce Mama takalmina ya jiƙe, da muka ɗaga kafet sai ga kwalta muna gani ta rami kamar faɗin faifai. Katako aka sa mana kafin mai walda ya yi faci. Kuma in ka ratsa ruwa birki sai ya ɗauke na ɗan lokaci, sai kana tafe kana dannawa a hankali har ya bushe, ranar da ban san haka ba saura kaɗan in hau kan mai tallan biredi a Tinubu, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake

Baba Direba Agege: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji. Tsatsa kam ba musu, tawa sau biyu ana canza mata ƙasa. Amma ai a Arewa ba ta yi haka

Hajiya Maman Obalende: Shi ya sa ta mahaifin Sadiku ta yi shekara 19, Funtua ce. Da a Obalende take kwana da ba ta kai ba

Sadiku Mile 12: Mama na yarda da batun tsatsa. Amma Oga Bakanike ka ce ba suna ba ne, to ai sunan ne ya ci tseren Safari a Kenya, ba kwalta ba komai, laka da duwatsu, Turawa da motocinsu suna kallo

Abba Idi Araba: Wannan gaskiya ne Yaya, Datsun ta ci Safari a 1970 da 1971, kuma Shekhar Mehta ɗan Kenya ya ci sau biyar, 1973 da 240Z sannan 1979 zuwa 1982 a jere. Amma injiniyoyin Nissan ne suka haɗa motocin ai. Kuma ga abin da zai raba gardama, an dawo da sunan. A 2013 lokacin Carlos Ghosn yana shugaban Nissan suka farfaɗo da Datsun a matsayin mota mai araha, aka sayar a Indiya da Indonesiya da Rasha da Afirka ta Kudu. Ta Indiya Datsun Go sunanta. A 2014 Global NCAP, ƙungiyar da ke gwada amincin motoci, suka yi mata gwajin karo ta samu tauraro sifili. A 2022 aka sake rufe sunan. In da a suna ingancin yake ai da ya dawo tare da shi

Sadiku Mile 12: To ai wannan hujjata ce ba taka ba. Sun ɗauki sunan mutunci sun liƙa wa gwangwani, kashewa ta biyu kenan

Oga Bakanike Ladipo: Nan kam ina tare da Sadiku, abin bai yi min daɗi ba ni ma. Amma juya shi ta ɗaya gefen. A Afirka ta Kudu akwai 'yar akori kura da ta fara a matsayin Datsun 1200 a 1971, aka canza mata suna ta koma Nissan 1400, injin gidan A ɗin nan dai, jan baya, sifirin ganye, ba su daina ƙera ta ba sai 2008. Sunan Nissan ne a jikinta kuma Datsun ɗin Baba ce tsaf. Ita Go ɗin kuma sunan Datsun ne a jiki ba abin da ya haɗa ta da ta Baba

Alhaji Mai Tanka Apapa: Ku yi haƙuri na shigo a makare muna layin lodi. Akwai abin da duk ba ku faɗa ba kuma ni a ganina shi ne babba. 1986 da Abba ya ce an gama cire sunan, wace shekara ce a ƙasar nan? Shekarar SAP ce ta Babangida, shekarar da aka karya naira. Kafin nan malamin makaranta da ɗan kasuwa matsakaici suna shiga shagon dila su fito da mota sabuwa dal, ga Peugeot ana haɗawa a Kaduna ga Volkswagen a nan Ojo hanyar Badagry tun 1975 ga Datsun na shigowa ta jirgin ruwa. Bayan nan sabuwar mota ta gagari talaka sai tokunbo, wadda Bature ya gama mora shekara goma a cikin ƙanƙara da gishirin titi sannan ta sauka Apapa ko Kwatano. Don haka duk Datsun da muka sani sabuwa muka santa, Nissan da mafi yawanmu muka fara hawa kuwa ta hannu ce. Kun haɗa amarya da bazawara kuna cewa gidan ne ya lalace

Baba Direba Agege: Alhaji wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Tasi ta sabuwa maigidana ya ciro ta, ni na fara sa mata kilomita. Sunny da na ja a 1994 kuwa da sitika ta Jamus a gilashi ta zo, agogonta ma an juya. Amma duk da haka ka bani zaɓi yau 120Y zan ɗauka, don in ta tsaya min a dajin Jebba da dare na san abin da zan taɓa

Hajiya Maman Obalende: Ni kuwa Baba jikokina ba zan sa su a ciki ba, ba bel a baya ba komai, ga tireloli a hanyar Ibadan. Amma in na ganta zan tsaya in shafa ta

Sadiku Mile 12: Alhaji maganarka ta shige ni, ta Oga ma haka. Batun cewa saye aka yi na janye tunda Abba ya kawo shekaru. Amma cewa ba a yi asara ba da aka cire sunan, wannan ban janye ba, mahaifina har ya rasu bai taɓa cewa Nissan ba, Dasin yake cewa, ko wace ƙaramar mota ya gani. Tana nan a bayan gidanmu a Funtua an ɗora ta kan bulo tun 2003, kaji na ƙwai a kujerar baya. Yanzu na kira ƙanina na ce gobe da safe ya ɗaga banet ya goge farantin ya ɗauko min hoto in turo nan kowa ya gani. Oga Bakanike in injin bai kama ba ana samun ringi da gaskit na A12 a Ladipo har yanzu?

Oga Bakanike Ladipo: Sai an tona amma ba a rasa ba, in babu a nan akwai Owode Onirin. Kafin komai ka ce masa kar ya sa batir ya buga. Ya cire fulogi huɗun ya zuba baƙin mai cokali biyu a kowane rami ya bar shi kwana uku, sannan ya sa sifana a fulin gaba ya gwada juyawa da hannu. In ya juya ka kira ni, ya kuma leƙa ƙasan ya ɗauko min hoton shasi ta wajen sifirin baya