Ta ina za a fara sauraron punk na siyasa?

Punk salon kiɗa ne na jita da ganga mai sauri da ƙara. Wasu tsofaffin masoya wannan kiɗa kan ce sabon shiga ya fara da Bad Religion, ƙungiyar da aka kafa a Los Angeles a 1980. Gangarsu na gudu kamar ana kora, amma amshin yana da daɗin kunne. Masoyan sun nace a riƙa karanta baitocin yayin sauraro, domin saurin yana haɗiye kalmomi, kuma a cikinsu fushin yake: yaƙi, wariya, danniyar masu kuɗi. Wanda kunnensa ya saba sai ya nufi ƙungiyar Propagandhi ta Winnipeg a Kanada, masu kaifin harshe kan haƙƙin 'yan asalin ƙasar da na dabbobi. Nan zuciyata ta fi karkata. Mai zuwa wasan dandali kuwa ya kare kunnuwansa, in wani ya faɗi cikin turmutsutsu a ɗaga shi nan take.