Waɗanda suka fita aiki waje da takardunsu: ya kuka yi da izinin zama?

Ɗan Tarauni:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman waɗanda suka fita aiki ƙasar waje da shaidar karatunsu su ba mu labarin yadda suka samu izinin zama da na aiki. Ni harkar manhaja nake yi a nan Kano, digirina na kimiyyar kwamfuta ne. Wani ejan ya ce in kawo miliyoyi ya samo mini bizar aiki ta Ingila, wai ba sai an yi mini intabiyu ba. Hankalina dai bai kwanta ba. Don Allah wanda ya je da ƙafarsa nake so ya yi magana, ban da "an ce".

Nas 'yar Kurna:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ko sisi kada ka ba shi. Ina Ingila ina aikin jinya, kuma ban biya kowa kuɗin nema mini aiki ba. Bizar ƙwararru ta nan ba a sayenta. Sai asibiti ko kamfanin da gwamnati ta ba lasisin ɗauko baƙi ya ɗauke ka, ya ba ka lambar da ake kira CoS, da ita za ka nemi biza. Jerin masu lasisin yana shafin gwamnatin Birtaniya, kyauta, kowa zai iya dubawa. Ka tambayi ejan ɗin sunan kamfanin. In ya fara kame-kame, ka samu amsarka.

Ni jarabawar Turanci ta OET na fara yi, sannan ta kwamfuta ta hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, wadda ake iya zaunawa daga Najeriya. Na je Abuja gwajin tarin fuka. Ta ƙarshe, OSCE, wadda ake gwada ka a aikace, sai da na iso na yi ta. Kai da kake harkar kwamfuta babu ruwanka da jarabawar jinya, amma gwajin tarin fuka da shaidar iya Turanci kai ma suna kanka. Babban cikas ɗinka albashi ne: tun Yulin 2025 mafi ƙarancin albashin da ake nema a yawancin ayyuka fam 41,700 ne a shekara. Ga kuɗin lafiya fam 1,035 kowace shekara a kan kowane babba, kuma a dunƙule ake biya tun wajen neman biza. Mu ma'aikatan lafiya an ɗauke mana shi.

Abin da ejan-ejan suka fi sayar wa mutanenmu shi ne bizar kula da tsofaffi. A Maris 2024 aka hana masu ita zuwa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Na ga waɗanda suka sayar da fili suka zo, suka tarar kamfanin babu aikin da zai ba su. Da aka soke lasisinsa, kwana 60 aka ba su, ko su samu wani ko su tattara.

Injiniya daga Sharaɗa:
Anti ta gama magana kan Ingila. Ni Jamus nake, da katin zama na ƙwararru da suke kira Blue Card, kuma ina ganin shi ya fi dacewa da kai Malam. A 2025 albashin da ake nema yuro 48,300 ne a shekara, amma masu kwamfuta da injiniyoyi nasu bai kai haka ba, don suna cikin ayyukan da ake ƙarancin ma'aikata. Kafin komai ka shiga shafin anabin ka duba ko sun amince da jami'arka da irin digirinka. In babu, sai ka nemi ofishin ZAB ya auna maka shi.

Abin da ya kusa kayar da ni ba karatu ba ne, suna ne. A takardar WAEC ni Mohammed ne, a digiri Muhammad, a fasfo kuma ga sunan unguwarmu a matsayin sunan ƙarshe, wanda wani malamin firamare ya liƙa mini don mu uku ne masu suna ɗaya a aji. Mu a Kano wannan ba komai ba ne, kowa ya san mutum ɗaya ne. Bature kuwa mutum uku yake gani. Sai da na yi rantsuwa a kotu, na buga a jarida, na gyara NIN ta dace da fasfo, sannan na kai takardun karatu Abuja aka buga musu hatimi a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje. Duk wannan kamfanin yana jirana, kullum ina fargabar za su ɗauki wani. Wanda ke da niyyar fita, ko da nan da shekara biyu ne, ya baje takardunsa yau ya duba harafi-harafi, har ranar haihuwa. Da yawanmu 1 ga Janairu aka rubuta mana a wata takarda, a wata kuma daban.

Daɗin Blue Card ɗin shi ne ba ya ɗaure ka har abada. Bayan shekara guda kana iya sauya wurin aiki ba tare da neman izini ba, bayan wata 27 kana iya neman zaman dindindin, wata 21 in Jamusancinka ya kai matakin B1, wato matsakaicin iya yaren. Wahalar ita ce samun gidan haya. Sai ka yi rajistar adireshi za a ba ka lambar haraji, mai gida kuma yana son ya ga takardar albashi kafin ya ba ka haya.

Likita, Rijiyar Zaki:
Kowa Turai yake kallo, ga Saudiyya nan kusa, har ƙaramin ofishin jakadancinta yana nan Kano. Ina aiki a wani asibiti a yankin kudu. Hanyar likita ita ce a tantance takardunka ta DataFlow, su ne ke tuntuɓar jami'arka da wuraren da ka yi aiki, ka ci jarabawar lasisi ta Prometric, hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya ta ba ka matsayi. Ka yi gwajin lafiya, in ka sauka mai aikinka ya yi maka igama, wato katin izinin zama.

Babu harajin albashi, ga sallah cikin jam'i, ga Umara duk lokacin da ka samu hutu. Amma a faɗi gaskiya, igama a wuyan aikinka take rataye. Gyaran da aka yi a Maris 2021 ya sassauta, yanzu bayan shekara guda ana iya sauya mai aiki ba sai ya yarda ba. Duk da haka ko ka shekara ashirin baƙo ne kai, ranar da ba a sabunta kwantiragi ba sai gida. Masu aiki a asibitocin kuɗi kuma su lissafa riyal 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya na iyalinsu. Mai mata da 'ya'ya biyar ya buga lissafin da kansa. Ni shi ya sa na fara gini a Kano tun shekarar farko.

Maman 'yan biyu, Kabuga:
Likita, wannan ɗaurin da kuke faɗa shi ya sa muka zaɓi Kanada. A tsarin Express Entry maki ake ba ka a kan shekaru da karatu da Turanci da gogewar aiki, in an zaɓe ka da zaman dindindin za ka sauka, babu mai aikin da ke riƙe da kai. Sai dai babu aikin da ke jiranka. Ni mai haɗa magunguna ce, amma sai da na yi aiki a shago ina karatun jarabawar lasisi ta PEBC. Maigidana akanta ne, ya fara da ɗaukar kaya a sito. Ba kowane namiji zai jure ba.

Ɗan Tarauni, shekarunka nawa? Maki yana fara raguwa daga 30. Mu jiran jami'a ta aika sakamakonmu zuwa WES, masu tantance takardun karatu, ya cinye mana lokaci, har sai da yayana ya riƙa zarya da kansa.

Alhaji na Fagge:
Ni ban fita ba, ɗana ne ya fita. Ina dai tambaya, in duk kun tafi wa zai duba mu? Ku je asibiti da safe ku ga layi. Gwamnatin jiha ta kashe kuɗi a kan wasunku.

Nas 'yar Kurna:
Baba, maganarka gaskiya ce, kuma tana damuna. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ma'aikatan lafiyarsu sun yi ƙaranci, shi ya sa ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta zuwa farautar ma'aikata a can. Mutum ne kawai zai nema da kansa. Wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa kuwa, ya cika alƙawarin shekarun da ya sa hannu kafin ya tafi, haƙƙi ne. Ni na yi nawa. Amma Baba, albashina na can ba ya kai ni ashirin ga wata, kuma ni ce babba a gidanmu.

Ɗan Tarauni:
Allah ya saka da alheri. Na tambayi ejan sunan kamfani, ya ce sirri ne. Shekaruna 31, Maman 'yan biyu. Sai wata tambaya da nake jin nauyinta: matana biyu. Ya ake yi?

Injiniya daga Sharaɗa:
Malam, ba abin jin nauyi ba ne, gara da ka tambaya tun yanzu. Jamus mace ɗaya za ta ba izinin biyo ka, haka Ingila, haka Kanada. Kuma ɗaurin aure a masallaci da shaidu bai wadatar ba, sai da takarda. Jamusawa ma ba sa karɓar takardun Najeriya haka kawai, sukan tura lauya ya bincika har inda aka ba da su, kai za ka biya, kuma yakan ɗauki watanni. Kada wani ya ba ka shawarar ka rubuta ɗaya a matsayin ƙanwarka. Ƙarya a fom ɗin biza tana jawo haramcin shiga na shekaru, Ingila har goma take yi. Ka zauna da su biyun da iyayensu kafin ka biya kuɗin jarabawar farko.

Likita, Rijiyar Zaki:
Kuma 'ya'yan wadda za a bari, in kana son tafiya da su sai da yardar uwarsu a rubuce. Ka turo mini fannin da ka ƙware a kai, akwai wani ɗan Gwale a Riyad da ke harkar manhaja, zan haɗa ku ya faɗa maka yadda kwantiraginsu yake.