Tagogin gidan Hardwick: me ya sa gilashi ya rinjayi bango?

Ibrahim ya rubuta:
Assalamu alaikum. Na ga hotunan Hardwick Hall, tsohon gidan da ke gundumar Derbyshire a Ingila, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne tagoginsa, domin kusan duk gaban gidan gilashi ne, tagogin kowane hawa kuma sun fi na ƙasa da shi tsawo. Ƙasar mai sanyi ce, a lokacin kuwa ba su da abin ɗumama ɗaki sai wutar murhu. Ina roƙon masana su fayyace mini dalilin wannan tsari, da yadda bango mai yawan tagogi haka ya iya ɗaukar nauyin ginin.

Malam Haruna ya amsa:
Wa alaikumus salam, Malam Ibrahim. Dalili na farko shi ne nuna isa. Mai gidan, wadda aka fi sani da Bess ta Hardwick, ta fara ginin a 1590, shekarar da mijinta na huɗu, basaraken Shrewsbury, ya rasu, ta kuma tare a cikinsa a 1597. A zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya gilashi kayan masu hannu da shuni ne, saboda haka duk wanda ya hango gidan a kan tudunsa ya san da wa yake magana, har mutanen ƙasar suka mayar da shi abin faɗa, wai a Hardwick gilashi ya fi bango yawa. Ba ta tsaya nan ba, sai da ta sa aka sassaƙa haruffan sunanta, E da S (wato Elizabeth Shrewsbury), da dutse a saman hasumiyoyin gidan guda shida.

Tsawon tagogin kuwa darajar mazauna hawan yake bi. Ƙasa na barori ne da madafa da babban zaure, hawan tsakiya nata ne da iyalinta, na sama kuma na manyan baƙi, inda akwai ɗakin karɓar baƙi da wata doguwar baraya mai kimanin mita 50. A ganina nan ne gwanintar Robert Smythson, wanda ya zana gidan, ta fi bayyana: tun daga waje mutum yana karanta matsayin kowa a jikin bango.

Hajiya Maryam ta amsa:
Na taɓa ziyartar gidan, don haka bari in taɓa batun nauyi. Akwai wani kakkauran bango da ya ratsa tsakiyar ginin, shi ke ɗauke da yawancin murahu da hanyoyin hayaƙi, abin da ya ba bangon waje damar zama kusan tagogi zalla. Sannan ba kowace taga ce ta gaskiya ba. Wasu an toshe bayansu, an sa su ne kawai don ɓangaren dama ya yi daidai da na hagu. Da na matsa kusa, na ga ashe kowace taga ƙananan gutsattsarin gilashi ne masu yawa da aka haɗa da darma. Abin da ya taɓa ni shi ne ciki ba shi da hasken da na zata, domin ana sauke labule don kada rana ta cinye launin tsofaffin saƙe-saƙen da ke rataye a bango, wasunsu tun na zamanin Bess.

Sadiya ta tambaya:
Shin ba don gudun harajin taga aka toshe waɗannan ba?

Malam Haruna ya amsa:
A'a, Malama Sadiya. Harajin taga, wanda ake biya gwargwadon yawan tagogin gida, ya fara ne a 1696, kusan shekara 100 bayan kammala gidan, aka soke shi a 1851.

Ibrahim ya rubuta:
Na gode ƙwarai. To yanzu ba za a iya sauya tagogin da gilashi mai ruɓi biyu don rage sanyi ba?

Hajiya Maryam ta amsa:
Da wuya ƙwarai, Malam Ibrahim. Gidan yana aji na ɗaya a rajistar gine-ginen tarihi ta Ingila, kuma duk gyaran da zai taɓa siffarsa, a ciki ko a waje, sai da izinin hukumar tsare-tsare ta yankin. Yin sa ba izini laifi ne a doka. Ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi, wadda ke riƙe da gidan tun 1959, gyara tsohon gilashin da darmarsa take yi, taga bayan taga.